Yadda Na Ɗauko Alhaji Lawali Daga Maraɗi Zuwa Challawa

Tun da na dawo daga Maraɗi ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a majalisarmu ta Sharaɗa ba. Wannan ya ce, "Malam Tijjani, yaya Nijar?" Wancan ya ce, "Wai da gaske ne a kan iyaka aka tsare ka saboda wari?" Ƙarya ne. Ba a kan iyaka ba ne, kuma ba tsare ni aka yi ba. Na gaji da gyara labarin da kowa ke ƙara wa gishiri, shi ya sa na ce bari in faɗe shi daga tushe, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Idan kun ji ina yabon kaina ku yi haƙuri, ba kullum nake samun dalili irin wannan ba.

Ga wanda bai san ni ba, a kamfanin jima na Challawa na ƙare ƙuruciyata, tun ina jan fata a ƙasa har na zama mai kula da manyan gangunan da ake juya fatu a ciki. Da kamfanin ya rufe sai na kama ɗan ofis a Bompai, na koma ba masu masana'antu shawara. Su kira ni, in duba inda aikinsu ke yoyo, in faɗa, su biya ni, sannan mafi yawansu su ƙi yin abin da na ce. Haka sana'ar take.

Wanda ya tura ni wannan tafiya shi ne Injiniya Nura, manajan wani kamfanin jima a Challawa. Yaro ne a kaina, amma kujerar tasa ce, mahaifinsa ne ya tsufa ya bar masa ita. Tun zamanin mahaifin nasa wani dattijo a Maraɗi, Alhaji Lawali, ke aiko musu da busassun fatun jan akuya, kuma duk wanda ya san fata ya san babu kamar jan akuyar Maraɗi. To, sai abu ya lalace. Fatu su iso da kyau, ka duba ka rantse babu aibi, amma da an jiƙa su an zuba su a ganga sai fuskar fatar ta saluɓe kamar ƙunar ruwan zafi. Kamfani ya rage wa fatun Alhaji daraja da farashi, shi kuma ya aiko cewa Kanawa sun fara halinsu.

"Malam, na gaji," in ji Nura. "Lodi ɗaya ya rage masa. In ya zo haka, na rufe ƙofa. Baba ne ma ya ce in tura mutum tukuna, don abokinsa ne."

Na ce, "Wa ke sayen fatunsa bayan ku?"

Ya ce, "Babu wani na kirki. Mu ne."

Ka ji girman lamarin ke nan. In Nura ya rufe ƙofa, gidan Alhaji Lawali ya zauna, da 'ya'yansa da masu yi masa shanya da dillalan ƙauye da ke tara masa kaya.

Dabarar da na fito da ita daga gida mai sauƙi ce. Na ɗebo lalatattun fatun daga ganga, na zuba a bokitin fenti, na rufe, na naɗe da leda, na ɗaure da roba. Na ce gani ya kori ji, in na ajiye masa wannan a gabansa magana ta ƙare. Uwargidana a Zawaciki ta kalli bokitin ta ce, "Da wannan za ka shiga motar haya?" Na ce ai na rufe shi gam. Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya," da irin muryar da na sani.

Na hau mota a Ƙofar Ruwa da safe. Kusa da ni wata Hajiya ce mai jiki, Hajiya Tabawa, 'yar kasuwar atamfa da ta san hanyar nan kamar tafin hannunta. Muna wuce Bichi rana ta ɗaga, but ɗin mota inda aka sa kaya ya yi zafi, sai bokitina ya fara gaisawa da jama'a. Wani ya ce kifi ne. Wani ya ce direba ya taka mushe. Ni na kafa ido a taga kamar mai ƙirga itatuwa. Hajiya Tabawa ta shinshina sau ɗaya, ta juyo ta dube ni.

"Malam, kai ne."

"Hajiya, kayan aiki ne."

"To aikin nan naka a nan zai sauka. Direba, tsaya! Wallahi atamfofina ba za su shiga Maraɗi da wannan turaren ba."

Na yi bayani, na yi roƙo, har na ce zan sayi kujerar da bokitin zai zauna. Mota gaba ɗaya ta taso mini. Ina ji ina gani direba ya sauke bokitin a gindin wata tsamiya, muka bar shi nan. Raina ya ɓaci ƙwarai, don hujjata ke nan duka. 

A Katsina muka canza mota, ƙaddara ta sake haɗa ni kujera da Hajiya. Ta miƙo mini dafaffen ƙwai, na ce na ƙoshi. Ta ce, "Karɓi, fushi ba ya kai mutum Jibiya." Na karɓa. Da ta ji wurin wanda za ni sai ta tafa hannu.

"Alhaji Lawali mai fata? Da ruɓaɓɓen abin can za ka shiga zaurensa, ka ajiye a gaban 'ya'yansa? Ashe taimakonka na yi. Mutumin nan in ka gaya masa gaskiya a gaban jama'a, ko da dafa Alƙur'ani ne ba zai karɓa ba. Ka ci tuwonsa tukuna. Ka bari ya gama nuna maka abin da yake taƙama da shi. In za ka yi magana, ka bari sai kuna ku biyu."

A zuciyata na ce ji mini mata, ni da ake biya don in ba da shawara, yau ga mai zubar mini da kaya tana ba ni kyauta. Amma na daɗe a sana'ar nan, na san shawara ba ta lalacewa don bakin da ta fito ya ɓata maka rai. Na ƙulle maganarta na ajiye.

A kan iyaka kuwa babu wanda ya tsare ni, ku daina yaɗawa. Ɓangarenmu an duba takardu, muka wuce. A Ɗan Isa wani jandarma mai fara'a ya duba katina na rigakafi, ya ce mene ne sana'ata. Na ce ina ba kamfanoni shawara.

"Su biya ka?"

"Su biya ni."

Ya kira abokin aikinsa. "Zo ka ji! A Kano har shawara sayar da ita suke." Ya juyo ya ce, "Mu nan tsohuwata kullum sai ta ba ni, ban taɓa biyan ta ba." Na ce, "Kana bi?" Ya yi dariya har da dafa mota, ya miƙo mini katina.

Mun shiga Maraɗi bayan la'asar. Na yi niyyar sauka a otal, amma ɗan Alhaji na fari, Rabe, yana jirana a tasha, ya ce in tsohon ya ji baƙonsa ya kwana a gidan haya ba za su kwashe lafiya ba. Aka kai ni shagon baƙi a ƙofar gida, an shimfiɗa katifa, ga buta ga darduma. Alhaji Lawali ya fito, dogo, siriri, fari tas a gemu, idonsa kamar yana auna ka da mudu. Muka gaisa gaisuwar da ta ishi Bakano mako guda. Ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi mahaifin Nura, ya sake tambayar gajiya. Fata kuwa ko sunanta bai kama ba.

Abinci kam na ci, ba zan ɓoye ba. Tuwon gero da miyar kuka da man shanu, fura mai kauri wadda cokali ke tsayawa a ciki, da kilishi. Da safe aka kawo mini burodinsu dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa ya kusa tafiya da haƙorina na gaba. Shayi kuma ba irin namu ba ne na babban kofi da madara. A ɗan kofin gilashi ake ba ka, baƙi, mai ɗaci, ka shanye a sake dafawa a ƙaro, in ka tashi kafin a gama zagaye ka yi rashin ladabi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsakar rana. Mu a Sharaɗa in akwai wuta ko cin abinci a tsaye ake yi, kada a ɗauke. Su kuwa da azahar ta gabato sai gari ya yi tsit, kowa ya nemi inuwa. Da farko na ce lalaci ne. Da ranar Maraɗi ta gasa mini ƙeya sau ɗaya na janye maganata.

Washegari Alhaji ya ce in zo in ga wurin aiki. Muka tafi da Rabe da ƙannensa da masu shanya a biye. Aka buɗe ƙofar wani makeken fili, sai ga daɓen siminti shar, an goge shi yana ɗaukar ido, fatu shimfiɗe a kai jere-jere, rana na dukansu. Na sunkuya na dafa simintin, na ɗauke hannu ba shiri. A nan take na san ciwon. Fata in ta sha rana mai zafi a kan daɓe, bayanta ya bushe ƙamas ya rufe, cikinta kuwa da sauran danshi, sai ta dahu ta ruɓe a ɓoye. Ido ba ya gani, hannu ba ya ji. Sai ta sha ruwa a gangar jima asirin ke tonuwa, a can Challawa inda mai ita ba ya nan.

"Da can rumfunan kara ne a nan," in ji Alhaji, "ana rataye fata a inuwa, sai an yi ta jira. Ga ƙura, ga gara. Ni da kaina na zauna na yi tunani, na sa aka rushe, aka zuba wannan. Yanzu ka shanya da safe, ka kwashe da yamma." Ya juyo, jama'arsa duk sun zuba mini ido. "Malam, tsakaninka da Allah, ka taɓa ganin irin wannan a Kano?"

Jama'a, harshena ya yi ƙaiƙayi. Amsar da aka turo ni nema tana ƙarƙashin takalmina, kalma kaɗan ce in faɗa in kama hanyar gida. Sai na dubi fuskar Rabe, na dubi masu shanya, na ga yadda suke kallon tsohon. Na ce, "Alhaji, ban taɓa gani ba." Kuma ban yi ƙarya ba.

Da yamma Nura ya kira. Na gaya masa abin da nake zato.

"To shi ke nan, Malam! Ku gaya masa ku dawo. Ko ku ɗauko mini hoton wurin in tura masa da bayani."

Na ce, "Injiniya, ka ɗauke ni don in gano ciwo, ko don a warke? In ganowa ce na gama, ka biya ni. In warkewa ce, ka ba ni lokaci. Sannan kai ma ga taka. Kun yi ta rage wa mutum daraja a takarda, an taɓa kiransa ya zo ya ga abin da idonsa? Shi lafiyayyar fata ya loda. Ko ni ne zan ce cuta ce."

Ya ce, "Ba a taɓa ba." Ya ƙara da cewa akwai wani dillali da ke masa zarya, ba zai iya jira har abada ba. Na ce na ji.

Na bari sai da muka kaɗaita da Alhaji bayan sallar asuba, muna dawowa daga masallaci a ƙafa. Na ce, "Alhaji, kun ce Kanawa na cutar ku."

"Na ce, kuma zan maimaita a gaban uban yaron."

"Mai yiwuwa ne. Abu uku ne: ko hanya ce ke ɓata kaya, ko gangunanmu ne, ko shanya ce. Ina da zato, ba zan ɓoye muku ba, kuma zaton nawa a kan shanya yake. Amma zato ba hujja ba ne. Ku ba ni fatun yanka ɗaya, a raba biyu. Rabi a shanya a siminti, rabi a rataye a igiya ƙarƙashin darbejiyar bayan gidanku. Ku yi musu alama da hannunku, kada ku gaya wa kowa, har ni. Sannan ku zo Kano ku tsaya a bakin ganga. In duka suka fito lafiya, ko duka suka lalace, ni zan tsaya a gaban Nura in ce laifin ba na shanyarku ba ne."

Ya tsaya cak. "Simintina kake zargi."

"Shi nake so mu wanke, ko mu kama."

Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Da a gaban yara ka faɗi wannan, da yanzu kana tasha." Na ce na sani. Ya ce, "A kawo fatun."

Da 'yar wuƙarsa ya shiga ɗaki shi kaɗai ya yi musu tsaga a wuya. Muka jira na inuwa suka bushe, ni kuwa na yi ta shan shayi mai ɗaci har na fara son sa. Sannan muka ɗaure kaya muka kamo hanya a motar Rabe, amma Alhaji ya ce direba kawai zai biyo mu, 'ya'ya su zauna.

Rabonsa da Kano tun kafin a yi gadojin sama. Da muka shigo cunkoson Kurna, 'yan adaidaita sahu na shiga ta dama suna fita ta hagu, ya riƙe ƙofa yana salati. Ya ce, "Malam, waɗannan duk gida ɗaya aka yi musu rasuwa?" Na sauke shi a gidana a Zawaciki, uwargida ta yi masa tuwon shinkafa da miyar taushe, ya ci ya yaba, ya ce sai dai furarmu ruwa ce.

A Challawa aka jiƙa fatun a gabansa, aka zuba a ƙaramar gangar gwaji da maganin cire gashi. Shi da kansa ya sa kwaɗo a ƙofar ɗakin ya jefa makullin a aljihu. Ban hana shi ba, har daɗi na ji. Ranar buɗewa na je wurin Nura tun da wuri. Na tarar ya tara shugabannin sashe, har da mai ɗaukar hoto a waya.

Na ce, "Duk su koma bakin aikinsu. Kai ma ka zauna a ofis."

"Haba Malam, kamfanina ne fa."

"Naka ne. Fata kake so ko kunyar tsoho? In kunya ce, ka same ta yau, ka rasa jan akuya har abada."

Ya yi tsaki, amma ya sallame su.

Muka shiga mu biyu. Na tsayar da ganga, na zazzage fatun a ƙasa, na koma gefe na harɗe hannu. Kada ku manta, ni ma zato na yi, kuma mai zato yana iya shan ƙasa. Alhaji ya naɗe hannun riga, ya ɗaga ta farko. Sumul, fuska lafiyayya. Ya duba wuya, ya ajiye dama. Ya ɗaga ta biyu, ya goga babban yatsa, sai fuskar ta biyo yatsan. Ya duba wuya, ya ajiye hagu. Haka ya yi ta yi, tsibi biyu na tashi. Ni ban san alamar ba, amma ba na buƙatar tambaya, don duk wadda ya ajiye hagu sai kafaɗarsa ta ƙara sauka. Da ya gama ya tsaya a kan tsibin hagu, ruwan magani na ɗiga daga yatsunsa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji shi a hankali. "Na zagi mutane a banza." Can ya ce, "Wa ya san wannan?"

"Ni da ku. Nura ya san zatona, bai ga komai ba."

Na zuba masa ruwa ya wanke hannu, ya sauke hannun riga, ya gyara hula. Muka hau ofis. Nura ya miƙe ya ba shi kujera, ya ƙi zama.

"Ɗana," in ji Alhaji, "na zo na bincika da kaina, na gano abin da ke ɓata fatuna. Shanya ce. Gangunanku lafiya suke, kuma maganar da na aiko na janye ta, ka gaya wa babanka. Ka ba ni lokaci in gyara, lodin da zai zo ka buɗe shi a gaban duk wanda kake so."

Nura ya saci kallona. Ni kuwa na sami wani abu mai muhimmanci a kan tayil ɗin ofis ina dubawa. Yaron nan, Allah ya yi masa albarka, ya gane. Ya ce, "Baba, mu ma da laifinmu, tun farko ya kamata mu kira ku. Ƙofa a buɗe take."

A bakin get Alhaji ya ciro waya ya kira Rabe, yana magana da ƙarfi yadda tsofaffi ke yi, har ina jin amsar.

"Ku nemo kara da azara. Ina so a kafa rumfuna a kan simintin nan, a ɗaura igiyoyi. Kada a ƙara shimfiɗa fata ko ɗaya a ƙasa."

"Baba, wa ya ce?"

"Ni na ce."

Na sha rubuta rahoto da sunana a bango, aka yaba, aka jefa a durowa. Ranar nan ko sunana ba a ambata ba, amma wallahi tun da na fara sana'ar nan ban taɓa jin kaina ya yi girma kamar a bakin get ɗin nan ba, ga warin jima, ga manyan motoci na yi mana hon. Alhaji ya kashe waya, ya shiga mota, ya sauke gilashi. Na zaci sallama zai yi. Sai ya kama hannuna da hannuwansa biyu, ya riƙe, har sai da direba ya tambaya ko a tafi.

Makon jiya lodinsa ya iso Challawa. Nura ya kira ni daga bakin ganga, yana ihu saboda ƙarar inji.

"Malam, ko ɗaya ba ta saluɓe ba!"